Sawun Ƙafar Hagu

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Wanda ya tashi a Katsina ya san wannan. Uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna wa mutane cewa ya damu da shi. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata, layi biyu tsakaninsa da gidanmu, a can na girma. Ƙannena su suka hau cinyarsa, su suka fara cin dabinon da yake kawowa daga Agadas, don direban babbar mota ne, shekara talatin yana wannan hanya. Ni in na je gaisuwa sai in durƙusa a bakin zaure, ya amsa yana kallon wani wuri. In yana da saƙo sai ya ce da wanda ke kusa, "A gaya wa wancan ya je ya yi aski." Ni kuwa ina tsugune a gabansa.

Abin bai dame ni ba sai da na zo Amurka na haifi tawa 'yar farin. Ni sunanta ba ya barin bakina. Ina kiranta ta sauko ta ci abinci, ina kiranta ta rage ƙarar waya, ina kiranta a bakin filin ƙwallo kamar sauran iyaye. Wani lokaci in na ji muryata tana ratsa gidan da sunan nan, sai in tuna ban san yadda nawa yake fita a bakin Baba ba.

Ina da shekara arba'in da huɗu lokacin da muka kawo shi aikin ido. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyun. Ƙanena, wanda ke aikin jinya yana zaune a Hyattsville, shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti da shi, amma gidansa ɗaki biyu ne, don haka a wurina Baba ya sauka, a Sterling. Wata biyar muka yi rufi ɗaya. Da safe in gaishe shi in tafi wurin aikina na gyaran injinan sanyaya ɗakunan kwamfuta, da yamma in dawo in gaishe shi. Ran Juma'a in kai shi masallaci, yana kujerar baya. Abin da nake so kaɗan ne, kuma ina jin kunyar son sa a wannan shekarun: kafin ya koma gida, ya nuna mini sau ɗaya cewa ya san ni. Ya haura saba'in da biyar, na san ba lallai ne mu sake zama irin wannan ba.

Da 'yata kuwa bakinsa ba ya rufuwa. Shekararta goma sha huɗu, tana jin Hausa amma da Turanci take mayarwa. Shi ya yi mata Hausa, ita ta yi masa Turanci, su yi ta dariya kamar sun fahimci juna. Ranar da aka cire masa bandejin ido na biyu, tana wucewa ta falo ya bi ta da kallo, ya ce, "Ashe amaryar tawa tafiyar agwagwa take yi? Na fasa auren." Ta tambaye ni mene ne agwagwa, na gaya mata, ta ce ita ma ba ta auren tsoho marar haƙori. Na ɗauka wasan kaka da jika ne kawai.

Da idonsa ya buɗe, talabijin ya kama. Labarai ba ya jin yarensu, sai ya tsaya a tashar namun daji. Wata Asabar aka nuna tuddan rairayi jajaye, masu tsawo, a ƙasar Namibiya. Ya matso da kujerarsa har gaban allon, ya daɗe, sannan ya ce da ƙanena, wanda ya zo duba shi, "Ƙarya ne, fenti suka yi masa. Ni na ci yashi shekara talatin, babu yashi mai wannan launi."

Ƙanena mutum ne da ba a yi masa musu ya ƙyale. Cikin mako biyu ya samo wani kamfani da ke yawo da mutane shida a mota ɗaya, da jagora, kwana tara, daga dajin namun daji zuwa hamadar. Ya tsara cewa shi da Baba za su tashi daga filin jirgin Dulles su sauka Windhoek, babban birnin Namibiya, in an gama Baba ya wuce gida ta Adis Ababa. Saura kwana shida tafiya matarsa ta haihu, watan haihuwar bai kama ba, aka sa jaririn a kwalba. Ya kira ni ina wurin aiki.

"Yaya, sai dai kai ka raka shi."

Na ce, "Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

Ya ce, "Na sani. To wa zai je?"

Da aka gaya wa Baba, sai ya ce, "To." Ya ci gaba da jan carbinsa.

Jagoranmu ɗan ƙasar ne, gajere, mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Sauran 'yan tafiyar su ne wani Bajamushe da matarsa, dukansu sun yi ritaya, da wasu malaman makaranta mata biyu daga Kanada. Tun a ranar farko jagoran ya kafa dokarsa. Kowa yana da abokin tafiya. Kafin mota ta tashi daga kowane wuri, kowa zai kira sunan nasa, a ji ya amsa. Ba wanda zai bar idon jama'a sai ya gaya wa abokinsa inda za shi. Wanda ya ɓata kuma ya zauna inda yake, kada ya yi ta yawo. Na fassara wa Baba, ya gyaɗa kai, ya ce dokar hamada ce, mutumin ya san aikinsa.

Sai aka zo kiran suna. Bajamushen ya kira matarsa, ta kira shi. Malaman suka kira juna. Ni na ce, "Baba," ya ce, "Na'am." Jagoran ya dube shi yana jira. Baba ya nuna ni da haɓa, idonsa a kan taga, ya ce, "Yana nan."

Haka aka yi kwana uku. A rana ta huɗu, muna cin abincin rana a inuwar wata bishiya, matar Bajamushen ta ja ni gefe ta tambaye ni a hankali ko mun yi faɗa da mahaifina ne. Ta ce ita ma ta yi shekara goma ba ta magana da nata, har ya mutu, kada in yi irin kuskurenta. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari tiryan-tiryan, kamar mai karanta takardar da ke manne a jikin kayan tarihi. Ta ce abin sha'awa ne ƙwarai. Na ji haushinta, na ji haushin kaina da na iya bayanin haka sumul, na kuma ji haushin tsohon da ke can zaune yana ɓare lemo hankalinsa kwance.

Shi kam tafiyar ta karɓe shi. Zakuna ba su burge shi ba. Mun yi rabin awa a tsaye muna kallon wasu guda uku suna barci, kowa yana ɗaukar hoto, shi ya ce a tambayi jagoran ko akwai ranar da suke aiki. Giwaye ya ce sun cika ɓarna. Amma da muka ga mariri, babban dangin barewa na hamada, tsaye shi kaɗai a fili, da dogayen ƙahonsa, sai ya cire tabaransa. Ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana saurayi, a arewacin Tanut, kan hanyar Agadas, kafin masu bindiga su ƙarar da su. Da jagoran yake magana. Ni bututu ne kawai da maganar ke bi ta ciki.

Shi da jagoran a kan taya suka ƙulla abota. Ranar da muka bar kwalta za mu shiga yashi, jagoran ya tsaya yana rage wa tayoyi iska. Baba ya sauko, ya tattare rigarsa, ya tsuguna, ya danna tayar baya da babban yatsa. Ya ce, "A ce masa ya ƙara ragewa, kaya sun fi nauyi ta nan." Jagoran ya duba ma'auninsa, ya dubi Baba, ya ƙara ragewa. Daga ranar kujerar gaba ta zama ta Baba, duk da cewa ƙa'ida ita ce a riƙa juyawa. Ba wanda ya yi ƙorafi. Su biyun sukan yi awa guda suna nuna wa juna sawun dila da na jimina da hannu, ba sa ma nemana.

A rana ta bakwai muka isa jan yashin. Hantsi bai yi ba muka ajiye mota, muka taka da ƙafa zuwa wani fili fari fat mai busassun itatuwa, tuddai sun kewaye shi. Baba ya durƙusa ya ɗebi yashin, ya murza, ya shinshina, har ya ɗan taɓa a harshe. Ya ce, "To, Allah mai iko. A gaya wa ƙanen wancan ya yi gaskiya." Ya ƙulle kaɗan a bakin hankicinsa. Wurin cike yake da baƙi, motoci sun fi ashirin, mutane suna ta hawa da sauka.

A nan cikina ya juya. Tun daren jiya na ci wani naman daji da bai karɓe ni ba. Banɗaki yana can wurin motoci, tafiyar kusan rabin awa, na san ba zan kai ba. Doka ta ce in gaya wa abokin tafiyata. Abokin tafiyata kuwa Baba ne, kuma ni ban ga bakin da zan buɗe in gaya wa mahaifina cewa zan zagaya ba. Jagoran yana can nesa yana yi wa malaman bayanin itatuwa. Na ɗauki gorar ruwana na sulale.

Da Bature ne, a bayan tudu na farko zai tsaya. Ni sai da na haye na farko, na ga ana iya hango kaina, na haye na biyu, na ji har yanzu ina jin muryoyi, na gangara na zagaya na uku. Da na gama na yi tsarki da ruwan gorar, saura ɗan kaɗan a gindinta. Na miƙe na juya, sai na ga tuddan duk kamarsu ɗaya. Na bi sawuna, amma a kan gangaren yashin ya zubo ya cike su, iska kuma ta fara tashi. Na hau wani tudu ina sa ran ganin farin filin, na ga wani tudun. Na hau wannan ma. Wayata ba sabis. Sai a lokacin na tuna da ƙarshen dokar, bayan na riga na karya ta kashi biyu.

Na sami wata ƙaramar ƙaya na zauna a ɗan inuwarta. Rana ta ɗaga, yashin ya fara ƙona ni ta cikin takalmi. Na yi kira sau uku, iska ta tafi da muryar. Na ji tsoro sosai, irin wanda ke busar da baki tun kafin ƙishirwa ta zo. Na yi tunanin 'yata da matata. Na kuma yi wani tunanin banza, cewa yanzu dole tsohon ya buɗe baki ya kira sunana, ga shi kuma ba zan ji ba.

Na fi awa guda a wurin. Ban ji kira ba, farar hularsa na fara gani tana fitowa daga bayan tudu. Yana tafe a hankali, ya ɗage rigarsa da hannu ɗaya, kansa a sunkuye yana duban ƙasa. Jagoran yana bayansa da jakar ruwa. Baba bai ɗago ba sai da ya zo kamar taku ashirin daga inda nake. Ya dube ni sau ɗaya, daga kai zuwa ƙafa, sannan ya juya ya ce da jagoran da Hausa, "Ba shi ruwa." Jagoran bai jira fassara ba.

Na sha, na ba da haƙuri. Jagoran bai yi faɗa ba, ya ce za mu yi maganar doka daga baya. Muryarsa ta dushe, ashe shi ya yi ta kiran sunana. Ya ce abin da yake so ya sani ɗaya ne. Shi aikinsa ke nan bin sawu, tun yana yaro, amma a bakin filin nan akwai sawun mutum ya fi ɗari, rabinsu kuma takalmansu iri ɗaya da nawa. Shi ya so su nufi gabas. Tsohon ya kama hannun rigarsa ya ja shi kudu, kuma duk inda sawun ya ɓace sai ya zagaya ya sake tsinto shi a ƙasan gangare. Ya ce in tambaye shi yadda ya gane.

Na ce, "Baba, wai yaya aka yi aka gane sawun?"

Baba ya zauna a kan yashin, yana haki kaɗan. Jagoran yake kallo.

"A ce masa ƙafar hagun waje take kallo, kuma yana jan dunduniyar. Tun ran da ya fara tafiya haka yake."

Na fassara. Jagoran ya dubi sawuna da ke gabanmu, ya yi dariya, ya ce lallai kuwa. Na ɗauka an gama, sai Baba ya ci gaba, har yanzu idonsa a kan jagoran.

"A gidan tsohuwata ya tashi. In na dawo daga tafiya ba na shiga in tambaya, ba a yin haka. Sai in bi ta ƙofar gidan bayan sallar asuba, in gari ya ɗan waye, kafin a yi shara, in duba ƙasa. In na ga sawun, na san lafiya yake, in wuce. In na yi kwana biyu ban gani ba, sai in tura ƙanwata da magani." Ya kakkaɓe yashin tafin hannunsa. "Har ya tafi jami'a haka nake yi."

Na tuna gwaggona. Duk lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni sai ga ta da ƙullin magani da kwalbar lemo, kakata tana cewa wannan yarinya kamar mai duba. Ban taɓa tambayar wanda ke gaya mata ba.

Jagoran yana jiran fassara. Na buɗe baki, Turancin ya ƙi fitowa. Na ce masa, "Ya ce ya daɗe da sanin sawun." Ya dube ni, ya dubi tsohon, bai ƙara tambaya ba. A lokacin daɗi da haushi ne suka haɗu mini. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, na kuma ji haushin cewa sai da na kusa hallaka a ƙasar mutane, kuma ta bakin tafinta, na sami wannan labari. Muka tashi. Baba yana gaba, jagoran a tsakiya, ni a baya, ina lura da yadda nake ajiye ƙafar hagu.

Da muka isa mota aka yi kiran suna. Na ce, "Baba," ya ce, "Na'am." Da aka zo kansa ya nuna ni da haɓa ya ce, "Yana nan." Matar Bajamushen ta dube ni da tausayi, na ƙyale ta.

A Adis Ababa muka rabu, ƙofar jirginsa daban, tawa daban. Na durƙusa a tsakiyar mutane na yi masa sallama. Ya ce, "A gaida yara. Allah ya yi albarka." Allon tashin jirage yake kallo. Bai kira sunana ba, har yau kuma bai kira ba. In na buga waya mukan gaisa minti ɗaya, sai ya ce a ba shi amaryarsa.

Cikin watan Janairu dusar ƙanƙara ta zuba a Sterling, ba mai yawa ba, ba a ma rufe makarantu ba. 'Yata ta fita da ƙawayenta biyu 'yan layinmu zuwa inda motar makaranta ke tsayawa. Na bi ta da kira daga bakin ƙofa, ta manta safar hannu, ta ɗaga mini hannu ba ta juyo ba. Na ɗauko shebur zan share gaban gareji, sai na ga sawunsu su uku, jere, daga matakala har titi. Na tsaya ina dubawa. Takalman duk iri ɗaya ne, wanda 'yan matan nan suke yayi. Na yi ta kallo ban san wanne ne nata ba.

Na jingine shebur ɗin, na bar wurin yadda yake, na tafi aiki. Da la'asar na dawo da wuri, na tsaya a tagar falo, a inda kujerar Baba take da. Motar makaranta ta sauke su. Ta rabu da ƙawayenta a bakin titi, ta ratso ta kan ciyawa inda ba wanda ya taka, kanta a kan waya. Da ta shige na fita na duba. Ƙafar hagun waje take kallo, kuma tana jan dunduniyar.

Ta leƙo ta ƙofa ta tambaye ni da Turanci me na yar a ƙasa. Na ce ba komai, ta shiga ciki akwai sanyi.